Hoto bai canza ba, amma gajiya da mantuwa suna ƙaruwa: bayani kan cutar MS

Akwai maganar da likita kan faɗa da kyakkyawar niyya, amma ta zame wa mai cutar MS alaƙaƙai a gida: "Hoton bai canza ba." Da an fito sai maigida ya dubi matarsa ya ce, "To Hajiya, kin dai ji da kunnenki, sauƙi ya samu." Ita kuwa ta san tun kafin azahar ƙarfinta ya ƙare, ta ɗora tukunya ta manta, a faɗa mata magana biyu a jere ta riƙe ta farko ta biyun ta zube. Likitan bai yi ƙarya ba, ita ma ba langaɓewa take yi ba. Hoton MRI, wanda na'urar maganaɗisu ke ɗaukar cikin ƙwaƙwalwa da laka, shi ne ginshiƙin gano wannan cuta da bibiyar maganinta, amma ba ya auna gajiya, abin da yake faɗa kan kaifin tunani kuma kaɗan ne. Waɗannan biyun kowanne da nasa ma'aunin, kuma sun fi hoto araha nesa ba kusa ba.

Multiple sclerosis, wadda ake taƙaitawa da MS, cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa wani rufi mai maiƙo da ke naɗe da zaruruwan jijiya a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Sunan rufin mayalin, shi ke sa saƙo gudu. Inda ya zagwanye sai saƙo ya riƙa jan jiki ko ya tsaya cik, wurin kuma ya bar tabo. Likita Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a birnin Paris a 1868. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza, kuma ta fi farawa tsakanin shekara 20 da 40, wato daidai shekarun ɗalibar jami'a a Samaru ko Kongo da na ma'aikacin da ya soma tara iyali. A ƙasashenmu na kudu da Sahara ba ta da yawa kamar a Turai, sai dai wani ɓangare na ƙarancin daga ƙarancin likitocin jijiya da na'urori ne. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma don alamominta suna zuwa su tafi su dawo a wani sashen jiki, gidaje da yawa sukan daɗe suna maganin jifa ko iska kafin a nufi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya.

Kafin a shiga na'ura

Tambayar farko kafin a biya kuɗi ita ce: tesla nawa ce na'urar? Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisun da ke cikinta. Don MS ana son 1.5 aƙalla, mai 3 ta fi. Akwai ƙananan na'urori masu 0.2 zuwa 0.35 a wurare da dama a ƙasar nan, suna da amfani ga gwiwa ko ƙashin baya, amma ƙananan tabban laka da na gindin ƙwaƙwalwa sukan kuɓuce musu. Hoton CT kuwa ba ya wannan aikin, asarar kuɗi ce kawai. Ko a nan Zariya za a ɗauka, ko Kaduna, ko Kano, a yi tambayar nan ta waya kafin a hau mota.

Takardar da likita ya rubuta ta faɗi ƙarara cewa MS ake zargi. Idan "ciwon kai" ko "raunin ƙafa" kawai aka rubuta, mai ɗaukar hoto zai yi tsarin yau da kullum, yanka mai kaurin milimita 5 da tazara a tsakani, tabo mai milimita 3 sai ya faɗa cikin tazarar. Abin da ake so shi ne yankan da bai wuce milimita 3 ba kuma babu tazara, da salon da ake kira FLAIR, wanda ke duhunta ruwan ƙwaƙwalwa don farin tabon da ke gefensa ya fito sarai, a ɗauke shi har ta gefe. A karon farko a haɗa da lakar wuya da ta ƙirji. Ƙwaƙwalwa kaɗai takan ci minti 30 zuwa 45, da laka a kai awa ɗaya ko fiye.

Abubuwan da ke ɓata hoto ƙanana ne. Kwalli yana ɗauke da ƙarfe, yakan jirkita hoton wajen ido, ga shi jijiyar gani na cikin abin da ake son dubawa, don haka a wanke shi tas. A cire ɗan kunne, fil ɗin mayafi, ƙarfen da ke cikin kitso, da laya. Mai haƙorin Makka ya faɗa. Mai walda ko maƙeri da ƙarfe ya taɓa faɗa wa a ido dole a yi masa hoton ido na eksire tukuna, domin maganaɗisu na iya motsa ɓarɓashin. Haka mai na'urar bugun zuciya, ya faɗa tun a waje. A yi fitsari daf da shiga, saboda masu MS da yawa ba sa iya riƙewa, kuma tashi a tsakiya na nufin sake farawa. Lokacin hoton wuya, haɗiyar yawu ma tana dusashe laka, sai a haɗiye a tsakanin ƙarar na'ura, lokacin da ta yi shiru.

Sai allurar gadoliniyam, wadda ake sawa a jijiyar hannu, milimol 0.1 ga kowane kilo na nauyin jiki, a jira aƙalla minti 5 kafin a ci gaba da ɗauka. Tabon da ke kan kumburi yanzu shi ke haskawa da ita, kuma hasken yakan ɗauki kusan wata guda ya ɓace. A duba aikin ƙoda kafin a yi ta, ana ƙaurace mata idan ma'aunin tacewar ƙoda ya gaza 30, haka ga mai juna biyu. Wanda aka ƙara wa ruwan siteroyid, maganin rage kumburi, kwanan nan ya gaya wa mai karanta hoto, don maganin yana kashe hasken, sai a ɗauka cutar ta lafa. Ba kowane hoton bibiya ke buƙatar allurar ba.

Ba kowane farin tabo ba ne MS

Tabon MS yana da kama da mazauni. Yakan zama mai siffar ƙwai, milimita 3 ko fiye, ya jingina da kogunan ruwa, wato ramuka masu ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya miƙe tsaye daga gefensu. A hoton gefe sukan jeru, su ne ake kira yatsun Dawson, da sunan likitan Edinbura da ya siffanta su a 1916. Ana kuma samunsa manne da ɓawon ƙwaƙwalwa, da gindin ƙwaƙwalwa da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, da cikin laka, inda yake gajere, bai cika kai tsawon ƙashin baya biyu ba. Ƙa'idojin McDonald na tabbatar da cutar, da aka fara fitarwa a 2001 aka yi ta gyarawa, a tsarin 2017 suna neman tabo a biyu daga cikin waɗannan wurare huɗu, da shaidar cewa ba lokaci ɗaya suka fito ba: ko a ga mai haske da marar haske a hoto guda, ko sabon tabo a hoto na gaba, ko gwajin ruwan laka ya nuna wasu layukan garkuwa da babu su a jini. Gyaran 2024 ya ƙara jijiyar gani a matsayin wuri na biyar.

Matsalarmu a nan ita ce masu kwaikwayon MS sun fi MS ɗin yawa. Hawan jini da ciwon sukari suna barin ƙananan fararen ɗige-ɗige a zurfin ƙwaƙwalwa, musamman bayan shekara 45. Sikila tana barin tabban toshewar jini ko da mutum bai taɓa shanyewa ba. Ciwon ɓarin kai ma yana yi. Ga ƙanjamau, ga tarin fuka da ke kama ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya, ga tunjere, ga ƙarancin bitamin B12 da ke lalata bayan laka. Rahoton da ya ce "ana iya zargin MS" a kan ɗige-ɗige biyar na mai hawan jini ya jefa mutane da dama cikin fargabar banza.

Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce neuromyelitis optica, wadda ake taƙaitawa da NMO, cutar da ta fi yawa a tsakanin baƙar fata idan aka gwada da Turawa. Tana kama jijiyar gani da ƙarfi, sau da yawa ido biyu, tabonta a laka dogo ne, tsawon ƙashin baya uku ko fiye, wani lokaci kuma da shaƙuwa da amai na kwanaki take farawa, har a yi ta maganin gyambon ciki. Tun 2004 akwai gwajin jini da ke gano ta, na garkuwar akwaforin-4. Muhimmancin bambancewar shi ne wasu magungunan MS, irin su interferon da fingolimod da natalizumab, ƙara tsananta NMO suke yi. A ganina, a Zariya bai kamata a liƙa wa mutum sunan MS ba sai an kawar da NMO da ƙanjamau da tarin fuka.

A karɓi faifan hoton, a adana, a kwafe shi a wani wurin. Rahoton takarda ba ya isa, domin amfanin hoton bibiya shi ne a jera shi da na baya a ƙirga sababbin tabbai. Bayan fara magani ana sake hoto cikin wata 3 zuwa 6 ya zama sabon mafari, daga nan shekara-shekara, kuma in da hali a na'ura ɗaya. Wanda ya tashi daga mai 0.35 zuwa mai 1.5 zai ga "sababbin" tabbai da suka daɗe a wurin.

Abin da hoto ba ya gani

Likitoci sun daɗe da lura cewa yawan tabo da halin mara lafiya ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wani na da tabo talatin yana koyarwa a aji, wata na da shida ta kasa riƙe lissafin shagonta. Dalilan suna da yawa. Tabo ɗaya a laka ya fi goma a gefen kogon ruwa illa. Tabban da ke cikin ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ainihin aikin tunani yake, mafi yawansu ba sa fitowa a hoton asibiti. Sassan da suke kama da lafiyayyu a hoto su ma akwai lahani a cikinsu, sai da salon bincike na musamman ake ganinsa.

Sannan akwai ƙanƙancewa. Ƙwaƙwalwar lafiyayyen baligi tana raguwa da kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin ɗari a shekara, ta mai MS da ba ya kan magani kuwa kusan 0.5 zuwa 1. Wurin da ƙanƙancewarsa ta fi tafiya da matsalar tunani shi ne talamus, wasu dunƙulalli biyu a tsakiyar ƙwaƙwalwa da kusan duk saƙonni ke ratsawa. Ido ba ya ganin raguwar kashi ɗaya cikin ɗari, kuma rashin ruwa a jiki ko siteroyid ko fara sabon magani duk suna rage girman na ɗan lokaci, don haka ba na ba kowa shawarar ya kashe kuɗi yana neman a auna masa wannan. Mai karanta hoto da ya ƙware zai iya duba faɗin kogon ruwa na uku, wanda ke tsakanin talamus biyun, ya gwada da na shekarun baya. Wannan ya wadatar.

Hotunan bincike masu nuna sashen da ke aiki lokacin da mutum ke tunani sun bayyana wani abu: mai MS yana kunna wurare da yawa fiye da lafiyayye don yin aiki iri ɗaya. Kamar an rufe titin Kwangila ne aka karkatar da motoci ta cikin unguwa, kaya za su isa, amma an ƙona mai ninki biyu kuma an makara. Wannan na cikin bayanan da ake bayarwa kan yadda mutum zai amsa tambaya daidai amma a makare, ya kuma fito a galabaice daga zaman da bai ɗaga ko tsinke ba.

Gajiya

Aƙalla uku cikin huɗu na masu MS suna fama da ita, da yawa kuma sukan ce ta fi ɗingishi damunsu. Ta bambanta da gajiyar wanda ya yini a gona, wadda wanka da tuwo da barci ke warwarewa. Takan zo ba a yi aikin kirki ba, ta tsananta daga azahar zuwa la'asar, barcin dare ba ya kore ta, zafi kuma ya ninka ta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora komai a kan MS. Kafin nan a auna yawan jini da sinadarin ƙarfe, musamman ga mata, da aikin maƙoƙo, da B12, da sukari, a gwada fitsari da maleriya. A tambayi barci. Wadda ke tashi fitsari sau huɗu a dare dole ta yini a gajiye, kuma abin da takan yi shi ne ta rage shan ruwa, sai fitsari ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara, ciki ya bushe, ƙwayoyin cuta su samu wuri. Abin da ya dace shi ne lita 1.5 zuwa 2 a rana, fiye da haka a bazara, mafi yawa kafin magariba, a rage awa biyu ko uku kafin kwanciya, shayi da goro kuma a tsaya da su daga la'asar. Kafin a ba da maganin riƙe fitsari irin oxybutynin a yi sikanin bayan an yi fitsari a ga abin da ya rage. Idan ya wuce mililita 100 maganin zai ƙara tare shi, ga shi dama yana dusashe tunani. A tambayi abokin kwana ko akwai minshari da ɗaukewar numfashi. A duba ledar magunguna gaba ɗaya: baclofen, amitriptyline, gabapentin, pregabalin, har da Piriton na mura, duk suna kashe jiki. Kusan rabin masu MS sukan gamu da ciwon damuwa a rayuwarsu, shi ma gajiya yake kawowa, kuma yana jin magani. Takardar tambayoyi tara ta PHQ-9 tana gano shi, maki 10 ko sama sai a ɗauki mataki.

Zafi babi ne na kansa, ga Zariya musamman. Likitan ido na Jamus Wilhelm Uhthoff ya rubuta a 1890 cewa ganin wasu majinyata yana dusashewa idan sun motsa jiki. Jijiyar da ta rasa mayalin tana aiki ne da ƙyar, ƙarin rabin digiri a zafin jiki ya isa ya tsayar da ita. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke doshin digiri 40, ɗakin kwano marar silin da rana tsaka yana iya mayar da mai tafiya da ƙafarsa mai dafa bango. Wannan ba sabuwar ɓarna ba ce, da jiki ya huce cikin rabin awa zuwa 'yan awoyi sai a koma yadda ake. Aiki mai nauyi a yi shi daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma. A sha ruwan sanyi kafin a fita, ba sai an dawo ba. Jiƙaƙƙen tawul a wuya, tsoma hannu har gwiwar hannu da ƙafafu cikin ruwan randa na minti goma, watsa ruwa kafin azahar, fanka mai caji, duk suna aiki. Girki a kan murhun itace ko gawayi ya koma hannun wani, ko a yi shi da sassafe a zaune. Da hunturu kuma a kiyayi wanka da ruwa mai ƙuna, a sirka.

Nan ne maganar wankan jego ta shigo. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 sun rubuta illar ruwan zafi da gasa jiki da kunun kanwa ga zuciyar mai jego. Ga mai MS akwai ƙari: wankan zai tayar da tsofaffin alamomi, kuma wata uku na farko bayan haihuwa shi ne lokacin da haɗarin tashin cutar na gaske ke ƙaruwa, bayan lafawar da takan yi a ƙarshen ciki. Idan ana wankan safe da yamma ba za a gane wanne ne wanne ba. A yi wa iyaye mata bayani tun kafin haihuwa, ya fi sauƙi a kan jayayya ranar suna.

Tashin cuta na gaske shi ne sabuwar alama, ko tsanantar tsohuwa, da ta wuce awa 24 babu zazzaɓi babu wata cuta a jiki. Maleriya da ciwon mafitsara suna kwaikwayonsa sosai, a gwada su tukuna. Na gasken idan ya hana harka ana ƙara siteroyid na methylprednisolone giram 1 kullum na kwana 3 zuwa 5, yana gaggauta farfaɗowa. Ba maganin gajiya ba ne. Masu sayen dexamethasone ko prednisolone a kemis don su ji ƙarfi suna sayen sukari da hawan jini da lalacewar ƙashin ƙugu.

Aunawa ba wuya. Akwai ma'aunin FSS na 1989, jumla tara, kowace a ba ta maki 1 zuwa 7, a raba jimilla gida tara, 4 ko sama gajiya ce mai hana harka. Wanda ya fi amfani a gida shi ne littafi: na mako biyu, bayan kowace salla a rubuta lamba daga 0 zuwa 10, da abin da aka yi kafin nan. Lambobi biyar a rana sun isa su nuna awoyin da mutum ke da ƙarfi da abin da ke cinye su.

Magungunan gajiya ba su kai sunansu ba. Wani gwaji a Amurka da aka buga a 2021, kan mutum 141, ya gwada amantadine da modafinil da methylphenidate da ƙwayar da babu magani a ciki, babu wanda ya fi ƙwayar banzan, illolinsu kuma sun fi yawa. Wasu ɗaiɗaiku suna jin daɗin amantadine, miligiram 100 da safe da kuma da rana, ba da dare ba don yana hana barci. Idan likita ya ba da shi a gwada wata guda da littafin nan a hannu, in lambobin ba su motsa ba a bari. Modafinil yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa kuma yana da haɗari ga ɗan tayi. Abin da ya fi shaida shi ne motsa jiki, duk da yana jin kamar ba'a ga mai gajiya. A fara da tafiyar minti 10 bayan asuba, kwana uku a mako, a ƙara minti biyu ko uku duk mako, har a doshi minti 150 a mako, da atisayen ƙarfafa cinya da baya sau biyu. Idan bayan awa biyu jiki bai dawo ba, an zarce, a rage. A huta kafin ƙarfi ya ƙare, ƙailula ta minti 20 zuwa 30. Salla a zaune halal ce ga wanda tsayuwa ke kayarwa, azumi a lokacin zafi kuma a tattauna shi da likita da malam kafin wata ya kama.

Tunani

Kashi 40 zuwa 65 cikin ɗari na masu MS suna samun rauni a nan, wani lokaci tun farkon cutar, ƙafa na lafiya lau. Abin da ya fara taɓuwa shi ne saurin tunani, sai koyon sabon abu. Harshe da tsohon ilimi da sanin mutane suna nan. Mutum zai kawo haddarsa ba gyara, amma canjin dubu biyar a kasuwar Sabon Gari ya tsayar da shi, a taron biki ya kasa bin hira, a salla ya yi ta ƙabli da ba'adi. Ba taɓin hankali ba ne, ba kuma ruɗewar tsufa ba. Shi ya sa gwajin da aka saba yi wa tsofaffi, na yau wace rana ce, ina muke, ba ya kama komai, mai MS yakan cinye shi.

Gwajin da ya dace shi ne SDMT. Takarda ce guda. A samanta akwai alamomi tara, kowace da lambarta daga 1 zuwa 9. A ƙasa layuka ne na alamomin a cakuɗe babu lambobi. Bayan share fage da akwati goma, mai gwaji zai ce, "Malama, ki faɗi lambar kowace alama bi da bi, da iya saurinki, kada ki tsallake." Ya danna agogo, daƙiƙa 90. Tana faɗa yana bi da biro a tasa takardar, yawan amsoshin daidai shi ne makin. Da baki ake so a yi, don rawar hannu kada ta shiga lissafi. Duka bai wuce minti biyar ba. Ana son a yi shi tun farko, sannan kowace shekara.

Abubuwan da ke ɓata sakamakon sanannu ne. Idon da ya taɓa kumburin jijiya ko yake gani biyu-biyu zai rage maki, a sa tabarau idan ana da shi, a rubuta halin idon. Nauyin baki ma haka. Makin ƙarfe tara na safe a ɗaki mai sanyi ba a gwada shi da na ƙarfe biyun rana bayan zaman layi, a riƙe lokaci ɗaya. Kada a yi shi cikin zazzaɓi, ko kafin wata guda da tashin cuta ko siteroyid. Teburin makin da ya zo da gwajin daga mutanen wasu ƙasashe aka tattaro shi, masu wani irin karatu, don haka mutum da kansa za a gwada shi, bana da bara. A bincike ana ɗaukar faɗuwar maki 4 ko kashi 10 cikin ɗari da muhimmanci, ga mutum ɗaya kuwa faɗuwar 8 ce ta fi tabbas, ƙasa da haka a maimaita bayan 'yan watanni. Akwai tsarin BICAMS na 2012, mai minti 15, da ya ƙara jerin kalmomi 16 da ake karantowa sau biyar da zane shida da ake kallo na daƙiƙa 10 a zana daga ka. Idan aka karanta kalmomin da Turanci ga wadda Hausa ce bakinta, Turancinta aka auna.

Abin mamaki, ƙorafin mara lafiya kan mantuwarsa ya fi bin yanayin ransa fiye da makin gwaji. Mai damuwa yakan ce ya lalace alhali makinsa na da kyau, mai rauni na gaske kuma wani lokaci bai lura ba. Bayanin wanda suke zaune tare ya fi kusa da gaskiya, shi ya sa yake da kyau a zo da shi asibiti.

Magungunan mantuwar tsufa, donepezil da memantine, an gwada su a MS ba su yi ba, memantine ma ya tayar wa wasu da alamomi. Abin da ke kare tunani shi ne danne cutar da wuri. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rituximab da cladribine da glatiramer a jerin magungunan dole, kuma kafin rituximab wajibi ne a gwada ciwon hanta nau'in B, wanda ke da yawa a cikinmu, don maganin yana iya tayar da shi ya kashe hanta. Taba tana gaggauta cutar, wiwi yana ƙara dusashe tunani, hawan jini da sukari suna ƙara nasu tabban a kan na MS.

Dabarun yau da kullum suna da shaida a bayansu. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa ya fi zama a kan wanda aka faɗa masa, don haka bayan bayanin likita ko saƙon maigida a maimaita shi da kalmomin kai. Mai karatu ya rufe littafi ya tambayi kansa, bayan minti biyar, bayan awa, washegari, ya fi karanta shafi sau biyar a jere. Jerin abubuwa a ɗinke su cikin ɗan labari mai hoto a zuci, dabarar da wani gwaji na 2013 ya nuna tana aiki bayan zama goma na horo. Littafi ɗaya tak, ba takardu barkatai ba. Ƙararrawar waya ga magani da tukunya, saƙon murya ga kai a WhatsApp ga wanda rubutu ke ba wuya. Mutanen gida su rage rediyo idan za a yi magana mai muhimmanci, su faɗi abu ɗaya, su jira. Mai tuƙa mota ko babur da makinsa ya faɗi sosai ya bar tuƙin rana tsaka da na cunkoso, a kuma duba idonsa.

Ɗalibi ko ma'aikaci da ke neman sassauci ya roƙi likita wasiƙar da ta ƙunshi makin SDMT da na FSS da kwanan watan da aka yi su, ba rahoton MRI ba, wanda shugaban sashe ba zai gane ba. Wasiƙar ta faɗi abin da ake nema dalla-dalla: ƙarin lokaci a jarrabawa, misali minti 15 a kowace awa, zama kusa da taga ko fanka da kusa da banɗaki, izinin shiga da ruwan sha, darasi ko aiki mai nauyi a sa shi da safe, umarni kuma a ba da shi a rubuce. A sabunta ta duk shekara bayan an sake gwajin.